Slurm Ko PBS? Abin Da Ya Fi Muhimmanci Shi Ne Aikin Ya Iya Ƙaura

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota ya san aikin ɗan kamasho. Shi ke duba motar da ke kan layi, ya ƙirga kujeru, ya ce wane ya hau, wane ya jira. Haka abin yake a gungun kwamfutoci, wato ɗaruruwan kwamfutoci da ake haɗawa domin lissafi mai nauyi irin su hasashen yanayi ko nazarin ƙwayoyin halitta. Mai bincike ba ya kunna aikinsa kai tsaye. Yakan miƙa shi ga manhajar tsara layi, ya faɗa mata yawan furosesa da ƙwaƙwalwa da sa'o'in da yake buƙata, ita kuma ta ba shi gurbi idan layi ya zo kansa.

Manyan manhajojin nan ba su da yawa. Akwai Slurm, wadda aka fara a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Amurka a farkon shekarun 2000. Akwai PBS da aka ƙirƙiro wa hukumar NASA a shekarun 1990, da LSF wadda ta koma hannun IBM a 2012, sai HTCondor ta Jami'ar Wisconsin, wadda ta ƙware wajen cin moriyar kwamfutocin da ke zaune babu aiki.

Ga wanda zai kafa sabon gungu, Slurm ce zaɓin hankali. Kyauta ce, lambobinta a buɗe suke, kuma fiye da rabin kwamfutocin da ke jerin TOP500 na mafi ƙarfi a duniya ita suke amfani da ita. Wanda ya maƙale da dare zai samu amsa a intanet cikin minti kaɗan.

Sai dai mai bincike ba kasafai yake da zaɓi ba. Abin da ya tarar shi zai yi aiki da shi. Wanda ya samu gurbi a kan Lengau, babbar kwamfutar cibiyar CHPC da ke Cape Town a Afirka ta Kudu, PBS Pro zai tarar. Idan ya koma wata jami'a, wataƙila Slurm ce. Kuma kowace da yarenta. Neman sa'a biyu kawai, a Slurm ana rubuta --time=02:00:00, a PBS kuma -l walltime=02:00:00, a LSF sai -W 2:00. Wanda ya cusa irin waɗannan umarnai cikin kowane fayil na aikinsa zai ɓata makonni yana gyara ranar da ya ƙaura, a lokacin da tallafin bincikensa ke ƙarewa.

Ko ba a ƙaura ba, manhajar kanta na iya sauya uban gida. Sun Grid Engine ta yi farin jini bayan kamfanin Sun ya buɗe lambobinta a 2001. Da Oracle ya sayi Sun a 2010, sai ya daina fitar da sababbin sigogi a buɗe. Manhajar ta rabu gida-gida, babban reshenta ya koma kamfanin Univa, wanda shi ma Altair ya saye a 2020. Ɗakunan bincike da dama da suka gina komai a kanta sai da suka sake lale. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Maganin shi ne a raba abu uku tun ranar farko. Lambobin lissafi su zauna daban, ba tare da sun san wace manhaja ke tsara layi ba. Kayan da aikin ya dogara da su a ƙunshe su cikin Apptainer, wadda aka sani da Singularity kafin 2021. Umarnan layi kuwa su tsaya a ƙaramin fayil guda. Manhajoji irin su Nextflow da Snakemake sun sauƙaƙa wannan. A Nextflow, sauya kalmar slurm zuwa pbspro a fayil ɗin saiti ya kusa isa a tashi da aikin zuwa wani gungu.

Masu suka za su ce wannan ƙarin wahala ne, kuma manyan ayyukan MPI da ke amfani da kwamfutoci da yawa a lokaci guda dole sai an daidaita su da injin kowane wuri. Gaskiya ne. Amma gyara layi goma a fayil ɗaya bai kai gyara fayil hamsin ciwo ba.

Matashin da ke son shiga wannan fage ba ya buƙatar babbar kwamfuta kafin ya fara. Slurm na hawa kan laftof mai Linux. Ya koyi sbatch da squeue, sannan ya gwada tura aikin nan guda ta Nextflow. Idan ya yi tafiya ba tare da an taɓa lambobin lissafin ba, to an rubuta shi daidai.