MAI MADATSAR RUWA DA MAƘWABTANSA

Mutanen Gwarzo da Kabo ba baƙin madatsar ruwa ba ne. Guzuguzu da Magaga da Pada duk suna nan yankinsu, Calawa ta Ƙaraye kuwa, wadda aka gama a 1992, tana maƙwabtaka da su. Waɗannan na Gwamnati ne, kowa ya san ƙofar da zai buga in ya ga abin tsoro. Abin da muke son jawo hankalin Hukuma a kansa yau shi ne ƙaramar madatsa ta mutum ɗaya, watau mai hali ya tare rafin da ya ratsa gonarsa, ya zuba kifi, ya sa kwalekwale, jama'a su riƙa zuwa shan iska suna biya.

Ba mu ce yin haka laifi ne ba. Tafki a ƙauye alheri ne: dabbobi su sha, masu lambu su samu na rani, samari su samu abin yi. Amma fa ruwan da aka tare ba ya zama a wuyan mai shi kaɗai. In yau wani ya datse rafi a gefen Masanawa, riba tasa ce, amma ran da bangon ya fashe, gidaje da gonakin da ke gangare su ne za su biya, alhali kuwa ba wanda ya shawarci masu su tun farko.

Kada a ce zato ne muke yi. A Amurka, ran 31 ga Mayu, 1889, wata madatsa ta fashe a bisa garin Johnstown, mutum fiye da 2,200 suka halaka. Ta wata ƙungiyar attajirai ce, masu zuwa hutu da kamun kifi. Su ne suka rage tsawon bangon don kekunan dokinsu su samu hanya mai faɗi, suka kuma sa raga a bakin mafitar rarar ruwa don kada kifinsu ya gudu. Da aka yi ruwa mai yawa, shara ta toshe ragar, ruwa ya hau kan bangon ƙasa ya cinye shi. Aka je kotu, ba a samu diyya daga hannunsu ba. Mai karatu ya lura, duk gyare-gyaren nan biyu don jin daɗin baƙi aka yi su, kuma irinsu ne kowane mai wurin shaƙatawa zai yi sha'awar yi in ba mai hana shi. A Kenya ma, cikin Mayu 2018, madatsar wata babbar gona a Solai ta fashe da dare, ta kashe mutum fiye da 40.

Mu nan Kano ba mu manta da Bagauda ba, wadda ta ɓalle cikin Agusta 1988, ga kuma ta Alau da ta ci Maiduguri a Satumba 2024. To, in waɗanda ke da injiniyoyi da kasafin Gwamnati sun gaza, ina ga wadda aka tara da katafila ɗaya cikin rani ɗaya, aka bar wa mai gadi?

Bangon ƙasa ba safai yake fashewa ba gargaɗi ba. Gara takan yi gida a cikinsa, gafiya ta haƙa rami, saiwar itace ta ratsa shi, in itacen ya mutu saiwar ta ruɓe ta bar kafa. Sai a ga ruwa yana tsattsafowa ta bayan bango. In garau yake, a sa ido. In kuwa ya fito da launin laka, to, bangon ne ke narkewa daga ciki, lalle a rage ruwa a kwashe mutane. Wannan ba ilmi ne mai wuya ba, kowane malamin makaranta yana iya koyar da shi cikin darasi guda, muna kuwa roƙon malamai su yi haka kafin damina ta kankama.

Sa'an nan ga haɗarin da ke bisa ruwan kansa. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya nutse a madatsar Watari ta Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, saboda lodi ya wuce kima. Wanda ya karɓi kuɗin mutum don ya shiga ruwansa, amanar ran nan tana kansa. Ga kuma tsargiya, wadda yara ke kwasowa a ruwan kwance, iyaye da yawa har yanzu suna ɗaukar fitsarin jini kamar alamar balaga.

Doka dai akwai ta. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba Ministan Tarayya ikon ba da lasin na ayyukan ruwa. Amma daga Abuja wa zai hango tafki a bayan Masanawa? Birtaniya, bayan fashewar da ta kashe mutum 16 a Dolgarrog a 1925, ta kafa doka a 1930 cewa duk madatsar da ta wuce galan miliyan 5 dole gwanin injiniya ya duba ta aƙalla sau ɗaya cikin shekara 10. Ba su tambayi ko ta wane ce ba, girman ruwan kawai suka duba.

Ra'ayinmu shi ne Gwamnatin Jihar Kano ta yi irin wannan, daidai da halinmu. Kada kowa ya tare rafi sai injiniyan Ma'aikatar Ruwa ya ga zanen, ya auna mafitar rarar ruwa, Dagaci da mutanen gangare kuma an ji ta bakinsu a gaban Hakimi. A duba bangon kowace shekara cikin Afrilu ko Mayu, mai madatsa ya biya kuɗin dubawar, ya kuma ɗauki inshora, domin talakan da ruwa ya ci wa rumbu ba shi da ƙarfin shari'a da attajiri. Kwalekwale kuwa a rubuta masa adadin mutanen da zai ɗauka, kowa da rigar ruwa.

Mun san masu jari za su ce an tsananta. Kuɗin duba bango sau ɗaya bai kai na gina gida ɗaya da ruwa ya rusa ba. Aikin farko kuma ba ya jiran Majalisa: akawunan ƙananan hukumomin Kabo da Gwarzo su buɗe rajista, su rubuta kowane tafki da aka tare da hannu a ƙasarsu, da sunan mai shi, da tsawon bangonsa, da yawan gidajen da ke ƙarƙashinsa, su aika Kano kafin ruwan Agusta.