Lissafin Sinadarai Ba Na Jarrabawa Kaɗai Ba Ne

Duk shekara ɗalibanmu na sakandare kan haddace ƙa'idojin lissafin kemistiri don su tsallake WAEC da NECO, da an ajiye alƙalami kuma shi ke nan, an bar su a zauren jarrabawa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin lissafin nan guda uku da suke gudu, wato nauyin abu gwargwadon girmansa, da ƙarfin haɗi, da yawan abin da aka samu bayan aiki, su ne muke fama da su kullum a gida da gona da kasuwa.

Mu fara da nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Litar fetur kuwa ba ta wuce giram 740 ko kusa da haka ba, ta man gyaɗa kimanin giram 910. Shi ya sa mai ke tasowa saman ruwa, shi ya sa kuma ba a kashe gobarar fetur da ruwa: fetur ɗin zai hau kansa ya malala da wutarsa. Yaron da ya fahimci wannan zai iya ceton gida guda.

Ƙarfin haɗi ya fi komai haɗari. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa yana da ƙa'ida: ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Uwar da ta zuba ƙunshin a rabin lita don tana ganin zai fi aiki, ta ninka gishirin ke nan, maganin ya koma cuta. Haka manomin da ke tsiyaya maganin feshi da ka, ba awo: ya yi yawa ya ƙone shuka, ya yi kaɗan ƙwari su sha. Ko taki ma lissafi ne. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi kacal na naitirojin ke cikin buhunta. Wanda bai san wannan ba, buhu yake saye, ba abincin shuka ba.

Na uku, mai ƙuli-ƙuli ta san shi ko da ba ta shiga aji ba. A ce gyaɗarta na ɗauke da kilo huɗu da rabi na mai, ta matse ta sami kilo uku. Kashi biyu cikin uku ta samu, saura ya maƙale a tunkuza. Abin da ya zo hannu, a raba shi da abin da ya kamata a samu, a ninka da ɗari: wannan ita ce ƙa'idar da ke cikin littafi, kuma da ita masana'antu ke gane riba da asara.

Kirana ga malaman kimiyya shi ne su shigo da jarka da sikeli da buhun taki cikin aji, su yi bayani da Hausa inda Turanci ya tsaya. Hukumomin ilimi su ma su wadata makarantu da kayan awo, domin gani ya kori ji. Iyaye kuma, idan ɗanku ya dawo daga makaranta, ku miƙa masa kwalbar maganin feshi ya karanta muku awon. Ilimin da bai iso gida da gona ba, bai gama aikinsa ba.