Kiristocin Gwarzo da Kabo Ba Baƙi Ba Ne

Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a zukatan jama'a, a Arewa da Kudu baki ɗaya, cewa duk Bahaushe Musulmi ne, saboda haka duk Kiristan da aka gani a ƙasar Kano baƙo ne da neman abinci ya kawo shi Sabon Gari. Wannan ra'ayi ba shi da tushe, kuma ƙauyukan Gwarzo da Kabo da Ƙaraye sun isa su ƙaryata shi.

Ba mai musun cewa Musulunci ya ratsa rayuwar Hausawa tun zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji cikin ƙarni na 14, amma a karkarar yammacin Kano an daɗe da sanin Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin iyaye da kakanni, waɗanda ko bayan jihadin 1804 aka bar su a gonakinsu suna biyan jiziya, harajin da wanda ba Musulmi ba yake biya a ƙarƙashin daular Musulunci. Daga waɗannan gidaje ne akasarin Kiristocin yankin suka fito, kuma a nan aka binne cibiyar kakanninsu tun kafin Bature ya san hanyar Kano.

Masu cewa Turawan mulki ne suka ɗora musu addinin su ma sun saɓa wa tarihi, domin a 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami ayarin 'yan mishan na Bishop Tugwell, bayan cin Kano a 1903 kuwa gwamnatin Ingila da kanta ta taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna har kimanin shekara 30, don gudun ɓata wa sarakunan rai. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe, inda ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya, daga baya ta kafa makarantar 'yan mata a Kabo, ta maza a Roni, da ta koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. Cikakkiyar fassarar Littafin da Hausa ta riga ta fito tun 1932, a 1954 kuma aka kafa ECWA, ikilisiyar 'yan ƙasa wadda ta gaji aikin SIM, ta yadda wa'azi ya koma bakin Hausawa masu bishara da suke zaga ƙauyuka a kan keke.

Duk wanda ya leƙa majami'ar ƙauye a wannan yanki ranar Lahadi zai tarar da ginin ƙasa ko na bulo mai rufin kwano, matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sanye da zane iri ɗaya suna waƙa da ganga da tulu, fasto yana karatu da addu'a da Hausar Kano tsantsa, mazan kuwa su ne manoman dawa da gyaɗar da ake ciniki da su a kasuwar Getso.

Illar wancan ra'ayi tana bayyana ne ranar da ɗan irin wannan gida ya je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma aka tsaya ana tantama saboda sunansa Bulus ko Rahila, ko ikilisiya ta nemi filin gini, ko iyaye suka nemi a ba 'ya'yansu malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati, alhali sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin addini, na 42 kuma ya haramta nuna bambanci saboda shi. Abin takaici, 'yan'uwansu Kiristoci na Kudu ma sukan faɗa wannan rami, su riƙa yi wa mai babbar riga da hula kallon tuhuma a ƙofar coci. Nauyin gyara ya rataya a wuyan hakimai da dagatai da masu unguwanni na Gwarzo da Kabo, domin su ne suka san gidan kowa da gonar kakansa, kuma shaidarsu ake nema kafin a sa hannu a takarda.