Masu Karanta Mujallar Wasa Ba Bakinsu Ɗaya Ba

A 1976 kamfanin TSR na Amurka ya fara buga mujallar Dragon domin masu wasan Dungeons & Dragons, inda abokai ke zagaye tebur, kowa ya zama wani jarumi, ana jefa ƙwaya irin ta ludo.

Jagoran wasa shiryayyen labari yake nema, da taswirar kogo, ya buɗe kawai a fara. 'Yan wasa kuwa sababbin makamai da tsafe-tsafe suke so. A 1986 TSR ya raba gardama, ya ware wa labaran mujallarsu, Dungeon. Ya yi dabara.

Mujallar White Dwarf ta Ingila kuwa, wadda a da take da shafukan wannan wasa, daga baya ta koma kan wasannin kamfanin Games Workshop zalla. Har yau tana fitowa, amma mai wasan Dungeons & Dragons ya rasa shafinsa.