Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, babu mai koya mana cewa saniyar da ta shiga rani da ƙiba ita ke ganin damina, ramammiya kuwa ko an kawo mata dusa da allura a tsakiyar bazara, sau da yawa ba ta tashi. Mun san wannan a kan dabba, amma mun manta da shi a kan jikinmu.

A nan Wagadugu muna ganin dattawanmu suna sayar da bijimi domin a yi musu aikin gwaiwa, ko yanar ido, ko toshewar fitsari, a kai su babban asibitin Yalgado Ouédraogo, likita ya auna su ya ce a koma gida tukuna. Ba ƙeta ba ce. Kafin a sa wuƙa sai an duba hawan jini, da sukari, da yawan jini, da ƙoda. Mai ciwon sukari rauninsa ba ya saurin warkewa. Huhun da taba ta ci yana wahala da maganin barci. Ƙodar da ta gaji ba ta iya tace magani. Wato aikin da za a yi wa mutum yana ɗan shekara 65, tun yana ɗan 40 yake shirya masa jiki ko ya ɓata shi.

Me ke cinye mu? Na farko ƙwayoyin ciwon jiki da ake tallarsu a kara. Irin su diclofenac in aka mayar da su abin kullum suna lalata ƙoda da ciki, tramadol kuwa ɓoye gajiya yake yi, ya kama mutum. Na biyu yi wa kai allurar dabbobi. Na uku ɗanyar madara, wadda ke ɗauke da bakkale da tarin fuka daga saniya zuwa mutum, alhali tafasawa kawai ta isa. Sai yawan gishiri da dunƙule a miya, da shayi mai sukari safe da yamma.

Tun 2016 gwamnatin Burkina Faso ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, amma magidanci shi ke biyan nasa. Saboda haka kowane ɗan ƙungiya da ya kai 40 ya je asibitin unguwa sau ɗaya a shekara a auna masa jini da sukari. Awon da ya kai 140 bisa 90 ya tsaya a nan, hawan jini ne, ko da mutum ba ya jin komai. Wanda aka ɗora wa magani kada ya bari don ya tafi mashekari ko fatauci.

Ga hukuma kuma muna da kira. A Chadi tun 2000 aka gwada haɗa rigakafin dabbobi da na 'ya'yan makiyaya rana ɗaya wuri ɗaya. Muna roƙon a turo ma'aikacin lafiya da abin awo duk inda ake yi wa shanu allura, domin mai garke ma haƙƙinsa ne a duba shi.

Allah ya ba mu tsufa mai ƙarfi, amin.