Hitar Bokiti da Gangancin da Ake Kira Ƙaddara

Da zarar hunturu ya kankama a Kano ko Zariya ko Maraɗi, cinikin hita yakan buɗe. Ƙarfe ne murɗaɗɗe mai guntuwar waya, a tsoma shi cikin bokiti, a jona a soket, ruwa ya yi zafi. A wannan lokaci ne kuma ake yawan jin ɗaki ya ƙone, ko wuta ta ja yaro a banɗaki. Sai a taru a yi jaje, a ce haka Allah ya ƙaddara, a watse. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai ɗauke wa kowa nauyin sakacinsa ba, kuma yawancin waɗannan asarori sakaci ne da ake iya nuna shi da yatsa.

Wutar da ke shiga gidajen Najeriya da Nijar tana da ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, kuma abin da ya haura kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, idan ya bi ta ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta. Jiƙaƙƙiya kuwa hanya take ba ta, balle ga mai tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Cikin ƙarfen hita akwai waya mai ɗauke da wuta, an raba ta da bangon ƙarfen da wani farin gari. Idan bangon ya tsage saboda tsufa ko tsatsa, ruwan bokitin ya ɗauki wuta, kuma ido ba ya gani. Saboda haka mai tsoma hannu don jin ko ruwa ya yi zafi alhali hita na jone, caca yake yi da ransa. A zare fulogi tukuna, sannan a taɓa ruwan.

Gobarar ma hanyarta sananniya ce. An jona hita, aka ɗauke wuta, mai ita ya fita kasuwa ya bar ta a jone. Wuta ta dawo babu kowa a ɗaki. Ruwa ya tafasa har ya ƙafe, ƙarfen ya yi ja, robar bokiti ta narke, wuta ta kama labule da katifa. Hita mai wat 1,500 ba ta buƙatar fiye da kimanin minti 25 kafin ta ɗumama lita 20 yadda za a yi wanka. Wanda ya kasa zama kusa da ita na wannan ɗan lokaci ba shi da hujjar jona ta. Irin wannan hita tana jan amfiya 6.5, soket ɗin bango kuwa iyakarsa 13. Hita biyu a kan sirirriyar wayar ƙari sun isa su narkar da ita, musamman idan an yanke fulogi an cusa tsirarun wayoyi da tsinken ashana.

Za a ce talauci ne, gawayi da gas sun yi tsada, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai zare fulogi idan an ɗauke wuta ba ya cin ko kwabo, haka ma hana yaro zuwa kusa da bokiti. Inda kuɗi ya shigo, laifin na masu hali ne. Mai gidan haya da ya kashe miliyoyi a kan tayil da fenti, amma ya hana mai haɗa wuta kafa wayar ƙasa, ya kuma ƙi sayen makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta fara zurarewa, ya san abin da ya zaɓa. Haka ɗan kasuwan da ke shigo da hita mai siririyar waya don ta yi araha. Hukumar SON ce ke da alhakin duba ingancin kaya, NEMSA kuma ta duba yadda ake haɗa wuta. Doka ta ba su iko, kuma jama'a na da haƙƙin ganin aikinsu a kasuwar unguwa tun kafin sanyi ya shigo.

Masu hitar bango ma ba su tsira ba. Akwai wani ɗan bawul a jikinta mai ɗigar da ruwa idan matsi ya yi yawa a tanki. Wasu kan toshe shi don ɗigar ta dame su, alhali shi ne ke hana tankin fashewa idan na'urar daidaita zafi ta lalace. Ruwa mai digiri 60 kuma yana salle fata cikin daƙiƙu kaɗan, ta jariri ta fi saurin ƙonewa. Shi ya sa ake fara zuba ruwan sanyi a baho kafin na zafi.

Ta'aziyya haƙƙin mamaci ce da iyalinsa. Bayan kwana uku kuwa, ya kamata wani babba a gidan ya tambayi wa ya bar hitar a jone, wa ya haɗa wutar ɗakin, kuma ko an gyara kafin a sake tsoma wata a bokiti.