Noti Da Ido: Yadda Muke Sayen Haɗari Da Kuɗinmu

A wannan makon mun jingine batun soyayya da siyasa, za mu yi magana a kan noti. E, noti dai, wannan ɗan ƙarfen da ake zubawa a tsohon gwangwanin madara a gefen kanta. Mun san wasu za su yi dariya su wuce. To kafin ku wuce, ku tuna cewa tayar motar da za ku shiga gobe, da fankar da ke juyawa a saman kan 'ya'yanku, da ƙafar tankin ruwan da ke tsakar gidanku, duk noti ne ke riƙe da su. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kwanakin baya muka raka wani abokinmu mai tuƙa A Daidaita Sahu zuwa wani shagon kayan ƙarfe. Notin da ke riƙe da birkinsa ne ya karye, ya zo da guntun a aljihu. Yaron shago ya karɓa, ya juye gwangwani a kan tebur, ya tona da yatsa, ya zaro wani ya kara da guntun, ya ce, "Oga ga shi nan, daidai ne." Abokin namu ya ce, "Mai kyau ne?" Yaro ya ce, "Orijina ne, ba ka ga yadda yake ƙyalli ba?" Muka karɓa muka duba kansa: sumul, babu lamba, babu tambarin kamfani. Muka tambayi ƙarfinsa nawa ne, sai yaron ya ce lamba 14 ne, wato girman sifanar da ke kwance shi. Mai shagon, dattijo mai mutunci, ya leƙo ya ce, "Malam, shekara 20 ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya."

Ba mu zargi dattijon da ƙarya ba. Gaskiyar da ya faɗa ita ce ta fi tayar mana da hankali. Shekara 20 ana saye ana sayarwa, ba mai tambaya, ba mai bayani. Wannan shi ne ciwon, kuma namu ne gaba ɗaya.

Matsalar ta faro ne tun daga baki. Komai a wurinmu noti ne: mai sanda noti, mai rami noti. A nan za mu kira mai sandar namiji, mai ramin mace, don mu fahimci juna. Sannan muna kiransa da lambar sifana, alhali lambar sifana ba ta faɗin kaurinsa, balle ƙarfinsa. Notin da kaurinsa ya kai milimita 10, wanda ake rubuta wa M10, ana samunsa da kan sifana 17 a tsohon ma'aunin Jamus, da 16 a ma'aunin ƙasa da ƙasa, da 14 a motocin Japan. Kauri ɗaya, sifana uku. Haka nan zaren da ke jikinsa: akwai M10 mai tazarar milimita 1.5 tsakanin zare da zare, akwai mai 1.25. A ido kusan iri ɗaya ne. Ga kuma na ma'aunin inci, wanda 3/8 ɗinsa ya kai kimanin milimita 9.5, yakan shiga macen M10 ya yi zagaye kaɗan kamar ya zauna. Idan ya cije, sai bakanike ya ƙara wa sifana bututu ya danna da ƙarfin tsiya, zare ya cinye, a ce ya ɗauru.

Ba haka kawai aka tsara waɗannan ma'aunai ba. Kafin 1841 kowace maƙera a Ingila da irin zarenta, notin wannan ba ya shiga macen wancan, har Joseph Whitworth ya fito da tsari guda. A 1864 William Sellers ya kawo nasa a Amurka. Fiye da shekara 150 ke nan da aka gane cewa noti ba abin kintace ba ne, mu kuwa har yau da ido muke aunawa.

Yanzu ku ɗauki kowane noti mai kyau ku dubi kansa. Za ku ga lamba irin 4.6 ko 8.8 ko 10.9 ko 12.9, da wasu haruffa na kamfanin da ya ƙera. Ba ado ba ne, alƙawari ne. Lambar farko idan aka ninka ta sau 100 tana nuna irin jan da kowace murabba'in milimita ta ƙarfen za ta jure kafin ta tsinke. Ta biyun tana nuna kaso nawa na wannan jan zai ɗauka kafin ya fara miƙewa ba ya komawa. A sauƙaƙe: M10 mai lamba 8.8 yana jure jan da ya kai kimanin tan 4.7, shi kuwa M10 mai 4.6 kimanin tan 2.4 ne iyakarsa. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya, ƙyalli ɗaya, amma ɗaya rabin ɗaya ne. Bambancin yana cikin irin ƙarfen da kuma horon da ya sha: 8.8 ana gasa shi a wuta, a tsoma shi ya huce da sauri, a sake ɗumama shi daidai gwargwado. Maƙeranmu na gargajiya da ke ƙera wuƙa da gatari sun san wannan hikima tun kaka da kakanni. Na ma'aunin Amurka kuwa layuka ake zanawa a kansa: uku na nufin daraja ta 5, shida na nufin ta 8. Mace ma tana da tata lambar, kuma mai 8 ce abokiyar 8.8. Idan ka haɗa namiji mai ƙarfi da mace mai taushi, ƙarfin macen ka saya.

Wanda yake ganin muna zuzuta abin, ya saurari labarin jirage biyu. A ranar 10 ga Yuni 1990 jirgin British Airways mai lamba 5390 ya tashi daga Birmingham zuwa Malaga ta ƙasar Sifen. Yana sama da ƙafa 17,000 sai gilashin gaban direba ya fice, iska ta fizgi kyaftin Tim Lancaster har rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da aka bincika, notuna 90 ne ke riƙe da gilashin: 84 sun gaza kauri da milimita 0.66, sauran 6 sun gaza tsawo da milimita 2.5. Ma'aikacin da ya sauya gilashin ya zaɓe su ne ta hanyar kara sabo da tsoho yana dubawa da ido. Daidai abin da yaron shagon nan ya yi mana.

Na biyun bai zo da sauƙi ba. A ranar 8 ga Satumba 1989 jirgin Partnair mai lamba 394, daga Oslo zuwa Hamburg, ya tarwatse a sama ya faɗa teku kusa da gaɓar Denmak. Mutum 55 da ke ciki babu wanda ya tsira. Masu bincike sun gano cewa uku daga cikin notuna huɗu da ke riƙe da wutsiyar jirgin jabu ne, ba a hore su yadda ya kamata ba, ƙarfinsu bai wuce kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da ake buƙata ba. A Amurka ma, bayan da aka bankaɗo jabun notuna har a kayan soja, sai da aka kafa doka ta musamman a kan ingancin noti a 1990.

Abin lura shi ne su can sun tono, sun auna, sun rubuta, shi ya sa muke da lambobin da muke kawo muku. Mu nan idan taya ta fice a hanyar Kano zuwa Zariya, ko hasumiyar tanki ta rufto, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi ta'aziyya, a share wurin. Mun yi imani da ƙaddara. Amma imani da ƙaddara bai taɓa zama lasisin sakaci ba, kuma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya haramta algus da ɓoye aibin haja.

Mun san amsoshin da za a ba mu, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Za a ce talauci ne, mutane araha suke nema. Da injin mota ake magana da mun yi shiru. Amma noti yana cikin mafi arahar abin da ke jikin mota ko gini. Mutumin da ya iya sayen tanki da famfo da ƙarfen hasumiya, ba rarar kuɗin noti takwas ce za ta karya shi ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ce masa ga mai taushi ga mai ƙarfi, zaɓi. Araha ba ta ado, balle ta riƙe birki.

Za a ce ai kayan China ne. Wannan ita ce amsar malalaci. China ce kan gaba a duniya wajen ƙera noti, yankuna irin su Yongnian da Haiyan da wannan sana'a aka san su, kuma suna ƙera mai taushi suna ƙera mai ƙarfi, gwargwadon abin da aka yi oda aka biya. Tambayar ita ce wa ya yi odar, me ya ce a ƙero masa, kuma da wane suna ya sayar a Legas ko Onica kafin kayan su iso Ƙofar Ruwa ko Panteka? Mai taushi ba laifi ba ne, yana da aikinsa a gado da benci da ƙyaure. Laifin shi ne a sayar da shi a madadin mai ƙarfi. Mafi muni shi ne a buga 8.8 a kan ƙarfen da bai sha wuta ba, domin wannan ya wuce ha'inci, ya zama tarko.

Za a ce a sayi na gwanjo, wanda aka kwance daga tsofaffin motoci, ya fi sabo. Sau da yawa gaskiya ne, kuma wannan abin kunya ne ga kasuwarmu. Amma ƙarfe yana gajiya. Notin da ya sha shekaru yana jijjiga zai iya ɗaukar tsagar da ido ba ya gani. Akwai kuma injuna da dama da notin top silindarsu an yi shi ne ya ɗan miƙe a ɗaurin farko, kamfani ya ce kada a maimaita shi. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma kada mu ce uwar ɗakin ce ta haife mu.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ruga ya ce 12.9 zai riƙa saye a komai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙarfe idan ya cika tauri ya fi saurin ƙaryewa farat ɗaya ba tare da ya lanƙwasa ya yi gargaɗi ba. Haka nan mai walda da ya ɗiga wuta a kan noti mai horo don kada ya kwance, ya ɓata horon. Abin nema shi ne lambar da aikin ya buƙata, a ɗaure ta da sifana mai awo inda aka ce a yi haka.

Hukuma fa? Muna da SON mai kula da ingancin kayayyaki, da tsarinta na SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. Mukan ga labarin kama tayoyi da wayoyin wuta marasa inganci, kuma muna yabawa. Muna so mu ga an ɗebi noti daga kasuwanni an gwada, an bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Ba za mu manta da tushen abin ba: an fara aikin Ajakuta tun 1979, an gina masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo, amma har yau da notin jirgin ruwa muke ɗaure ƙasar nan. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan ƙarfe su ma ba sai sun jira Abuja ba. Raba gwangwani biyu a rubuta lamba a jikin kowanne ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Mu masu saye kuma abu huɗu ne a kanmu. Mu duba kan tsohon notin mu nemi mai irin lambarsa. Mu ƙi wanda ba shi da lamba da tambari a duk inda rai zai rataya: birki, taya, sitiyari, fanka, tanki, injin niƙa. Mu gwada mace da hannu, idan ba ta tafiya sumul da yatsu ba zarenta ba ne. Mu riƙa tambaya daga ina kayan suka fito. Lamba na iya zama ta ƙarya, gaskiya ne, amma ranar da mutum goma suka juya suka bar shago saboda noti ba lamba, mai shago zai tambayi dilansa, dila ya tambayi mai oda.

Sai mu marubuta. Littattafanmu cike suke da haɗarin mota: a babi na tara ake kashe miji don matar ta auri tsohon saurayinta. Marubuta nawa ne a cikinmu suka taɓa zama a gareji na yini guda suka tambayi abin da ke sa taya ta fice? Mun iya siffanta leshi da kujerun falo har shafi uku, amma ba mu da jimla ɗaya da za ta raba wa mai karatu 4.6 da 8.8. Bakanike da ɗan A Daidaita Sahu Hausa suke ji, kuma wannan ilimi yana kulle cikin Turanci saboda mu da muka iya biyun ba mu ɗauke shi aikinmu ba. Harshe ba ya girma da kirari kaɗai, sai an sa shi ya ɗauki kaya.

Don haka ga aikin wannan makon. Kowa ya je shagon kayan ƙarfe mafi kusa da shi, ya ɗauki noti biyar ya duba kawunansu, ya tambayi mai shagon ma'anar abin da ke rubuce, cikin ladabi. Ya zauna da bakanike ya ji sunayen da suke kiran waɗannan abubuwa a garinsu, domin na Kano ba lallai ya zama na Sakkwato ko Damagaram ba. Sannan ya rubuto mana abin da ya gani da abin da ya ji, ba ƙari ba ragi.

Abokin namu dai bai sayi mai ƙyallin ba. Sai a shago na huɗu muka samu mai lamba irin ta guntun da ke aljihunsa.

Allah ya tsare mu, ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.